Aji Huɗu Ba Su Yi Komai Ba

Litinin, 3 ga Fabrairu
An fara bita. Mu goma sha tara aka jera a kan bencin yara, gwiwata sai dukan tebur take. Wanda aka turo ya koya mana aiki da kwamfutar hannu, mun sa masa suna Mai Gilashi. Kome ya faɗa sai ya ƙara da "ai mai sauƙi ne." Shekara ashirin da shida ina riƙe da alli, yau ni ake kama wa yatsa.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Hedimasta ya ce duk Juma'a za a riƙa tura aikin da yara suka yi a kwamfutocin zuwa ofishin ilimi. Ajin da ba a ga aikinsa ba, a sauya masa malami. Da yake faɗa bai dube ni ba, kuma rashin dubawar ya fi yi mini ciwo. Aji huɗu nawa ne, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ko ana ha maza ha mata sai na koya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Yau na kunna ba tare da na kira Auta ba. Ita ce ƙaramar malamarmu, kullum ita nake damu.

Juma'a, 21 ga Fabrairu
Yara sun rubuta insha'i a kan kakanninsu, wasu har sun ba ni dariya. Da aka tashi na bi kwamfutocin nan talatin da biyu na share su ɗaya bayan ɗaya, kamar kullum, na mayar akwati fes. Haka aka horar da mu a kwaleji: malamin kirki ba ya tafiya ya bar allo da rubutu. Sauran malamai da an buga ƙararrawa sun yi gaba, sun bar nasu kaca-kaca. Ni kaɗai ke zaman minti arba'in, bayana kamar zai ɓalle.

Talata, 4 ga Maris
Takarda ta zo daga ofis. Aji huɗu: babu aiki ko ɗaya.
Aka kira Mai Gilashi, ya ce in nuna masa yadda nake yi. Na nuna, har zuwa shara.
"Malama, me kike sharewa?"
"Aikin yau mana, don na gobe ya sami wuri."
Ya cire gilashin ya dafe goshi. "Wa ya ce ki share?"
"Wa ya ce kar in share?"
Kwana uku ya yi yana koya mana kunnawa da kashewa da ɗaukar hoto, bai taɓa buɗe baki ya ce wannan allon ba ya cika ba. Wani ya ƙyalƙyale da dariya a bayan taga. Na gane muryar, ba zan rubuta ba.
Aikin wata guda. Da hannuna.

Laraba, 5 ga Maris
"Yaya, wallahi ba ni ba ne, daga sama ne," in ji Hedimasta. An ba Auta aji huɗu. Ni kuma sito: in riƙe makulli, in sa wa kwamfutoci caji. Mai Gilashi an yaba masa, wai ya yaye malamai goma sha takwas cikin goma sha tara.

Alhamis, 6 ga Maris
Ban faɗa wa Baban yara ba. Na shafa alli a hannun rigata kafin in shiga gida. Abin kunya, da girmana.

Litinin, 10 ga Maris
Auta ta zo ɗaukar akwati, kanta a ƙasa. "Mama, ki yafe ni." Me ta yi mini? Rashin wanda zan kama da laifi shi ke cin raina. Ta bango ina jin yaran suna amsa mata gaisuwa, da ƙarfi kuwa, 'yan butulci.

Laraba, 19 ga Maris
Ina jona caji bayan an tashi, kwamfuta ɗaya ta kawo haske. Aikin yarinyar nan ne mai in'ina, wadda ba ta taɓa cika mini layi uku a littafi ba. Shafi guda cur ta rubuta. Kuskure bakwai, amma Auta ta sa mata "da kyau" ta wuce. Haba! Na yi ta lalube har na gano inda jan biro yake a ciki, na gyara duka bakwai ɗin, na rubuta mata a ƙasa ta ci gaba.
Ba wai abin ya shiga raina ba ne. Zaman banza ne ya ishe ni. Na dai duba ta gaba da ita, da ta gaba, sai da maigadi ya ƙwanƙwasa yana son rufe ƙofa.
Gobe za su buɗe su ga jan rubutu, su ɗauka Auta ce. Su ɗauka.