Baƙi Dubu Arba'in da Ɗaya a Ƙofar Shagon Jikata

Uwargida Veturia, ki taimaka mini. Ban iya rubutu ba, Profira mai kawo mana wasiƙu ce ke riƙe da alƙalami, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

A shekarar da ruwan dam ya haɗiye tsohon garinmu ina ɗan goma sha bakwai. Mu samari aka sa mu kwashe maƙabarta zuwa kan tudu. Ruwan ya zo da wuri, shugaban aiki ya ce mu ciro gicciyen da ke kan kaburburan kawai mu kafa a sama, wa zai sani? Kabari arba'in da ɗaya muka bari a ƙasa. Har yau mutane na kunna kyandir a kan ramukan da babu kowa ciki. Abokan aikin duk sun mutu, ni kaɗai na rage, kuma sunayen nan na riƙe su kamar yatsun hannuna.

To, jikata Smaranda ta baro aikin jinyar tsofaffi a Torino ta Italiya, ta buɗe shago a intanet da sunana, tana sayar da bargunan ulu da mata bakwai na garin nan ke saƙawa. Cinikin shekara duka a makonnin nan ne kafin Kirsimeti. Ranar jajiberin bikin Waliyyi Andrei, ranar da kowa ya san matattu suna fita yawo, shago ya tsaya cak da tsakar rana. Ta juyo mini kwamfutar ta ce, “Kaka, dubi, mutum dubu arba'in da ɗaya ne a ƙofa.” Ba sa saye, ba sa magana, ba sa tafiya. Su ƙwanƙwasa su sake ƙwanƙwasawa, mai sayen gaske ya rasa ta inda zai shiga. Na ce ta maimaita lissafin. Ta maimaita. Karen gidan nan bai yi haushi ba ranar, ya dai kwanta yana kallon ruwa.

Na shafa tafarnuwa a ƙofa da tagogi don tare matattu kamar kowace shekara, na shafa har a akwatin nan mai ƙyalƙyalin wuta. Ta ce, “Tsohon nan, ka mayar mini da ofis tukunyar miya!” Na ce gara warin tafarnuwa da warin kabari, 'yar Italiya.

Yau kwana biyar. Wani ya turo saƙo wai a biya shi su watse, ta ƙi. Tana son ɗaukar wani kamfani da zai tsaya a ƙofa yana tambayar kowane baƙo, kai mutum ne? Sai da sa hannuna, ni kuwa na ƙi. A garinmu, cikin azumin Kirsimeti ba a tambayar baƙo ko shi wane ne, burodi ake miƙa masa, don ba ka san wanda ya aro fuskarsa ba. Na rufe wa matattun nan ƙofa sau ɗaya, in sake? Jiya ta ce in shagon ya kai Lahadi a haka, za ta koma Torino, in zauna da baƙina. Ban gaya mata dalilina ba.

Gobe da safe zan ɗauki kwale-kwalen maƙwabcina da burodi arba'in da ɗaya, in je daidai kan tsohon coci in kira su ɗaya bayan ɗaya, in ce su bar yarinyar, ni ne mai laifin.

Tsohon da Ya San Sunayen

Baba,

Wasiƙarka ta iso mini da yamma, na roƙi edita ya sa amsata a jaridar safe don ta riga ka zuwa bakin ruwa. Kada ka shiga kwale-kwalen nan kai kaɗai a wannan sanyi.

Baƙin da ke ƙofar Smaranda na'urori ne: kyamarorin gadi, akwatunan intanet irin wanda ka shafa wa tafarnuwa, a gidajen mutanen da ba su ma san an sace musu su ba. Wani mai rai ne ke tura su lokaci guda su toshe ƙofa, ya kuma zaɓi makon ciniki don ya san nan ne ciwon yake. Ka tambaye ta lissafin yau, za ka ji ya canza. Matattu kuma ba sa turo saƙon neman kuɗi.

Jikarka ta yi daidai da ta ƙi biya, wanda aka biya yakan dawo. Ka sa hannu yau. Mai gadin nan ba ya korar mutum, turmutsutsun kawai yake tarewa don baƙon gaske ya samu shiga, wanda al'adarku ta ce a karɓa ke nan. Ta sanar da kamfanin da ke riƙe mata shafin, ta adana saƙon ta kai wa 'yan sanda, ta kuma sa lambar wayarta a shafukan zumunta don masu saye su kira kafin abin ya lafa.

Amma ba zan ce nauyin da ke ranka ƙarya ne ba. Yaro ne kai aka ba ka umarni, ka kuma ɗauki abin shekara sittin da ɗoriya kai kaɗai. Ka zaunar da Smaranda ka gaya mata, don yanzu gani take taurin kai ne kawai. Ta rubuta sunayen nan tun kana iya faɗarsu, ku kai wa limamin cocinku ya karanta su a bakin ruwa, a raba burodinka ga rayayyu da sunansu. Wasu iyalan za su ji zafi, ka shirya wa hakan.

Waɗanda ke ƙarƙashin ruwa sun daina jin sanyi, Baba. Mata bakwai da jikarka suna ji. Allah Ya ba ka ƙarfin faɗar sunayen, Ya bar maka ita a gida.

Veturia