Gahawar Baba a Baƙar Giya

Yaya Aikande,

Gaisuwa mai yawa daga Cape Town. Ya jikin Mama? Ya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, ina ci, ina barci.

Gahawar da kika aiko, ta ƙarshe da Baba ya tsinka kafin rasuwarsa, na kasa shan ta. Na soya, na zuba a baƙar giyar da nake haɗa wa maigidana Dirk, mai gidan giyar da nake aiki. Da tana tsimuwa, warin ruɓaɓɓen ƙwai take yi. Da ta kwanta a kwalba, sai ƙamshi ya taso, irin na rigar Baba da safe.

Dirk ya shinshina ya ce, "Kai, Elisante, wannan ai sai ta ta da matacce!" Na taya shi dariya.

Har yau ban yi kuka ba, kada ki gaya wa Mama. Tunda ban samu jana'iza ba, na zuba wa Baba kaɗan daga giyar a ƙasa, yadda muke yi wa mamatanmu a gida. Siminti ne, bai sha ba. Na sa tsumma na goge.

Ki zuba masa a madadina a gonarmu, can ƙasa tana sha.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Elisante