Ni Kuka Yanka, Ɗan Farina Kuka Yi Wa Bayani

Zuwa ga Babban Likitan asibitin da aka yi mini aiki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ranka ya daɗe, ni ce mai tuwon sayarwa daga Dala da kuka yi wa aikin zazzagowar mahaifa bara. Na san ka manta da ni. Ni kuwa duk sunkuyon da zan yi sai na tuna ku.

Na ɗaya. Ranar sallama likitanku ya tsallake ni ina kwance, ya ja ɗan farina waje, wai shi ne ɗan boko. Shi aka gaya wa abin yana iya dawowa, kada in riƙa ɗaukar nauyi, kada in yi yunƙuri a banɗaki. Haba Likita! Mutumin da ko sunansa ba na faɗa, shi zai zauna ya yi mini zancen mahaifa? Iyakar abin da ya iya faɗa, kansa a ƙasa, shi ne an ce in huta.

Na biyu. Na huta kwana arba'in kamar mai jego, na koma tuƙin tuwo da jan ruwa a rijiya. Wata na bakwai ina sauke babbar tukunya na ji abin ya sauko. Yau ko salla a zaune nake yi.

Na uku. Da na dawo, ma'aikaciyarku ta ce a gaban mutane taurin kan tsofaffi ne ya jawo mini. Sannan aka ce sai an sake aiki, shi ma ba tabbas. Tun ranar ɗana bai ƙara cin abinci a ɗakina ba, gani yake shi ya cuce ni. Wannan ya fi ciwon ƙona mini rai.

Ban yafe ba, kuma ba zan yi shiru ba. Duk macen da ta aiko sayen tuwo, da labarinku za a kai mata. Gidan suna, gidan biki, Islamiyya, daga Dala har Gwale sai na kai ku.

Buƙatata biyu. Ku riƙa yi wa mai jikin bayani da Hausa, mace ta gaya wa mace. Sannan likitan nan ya kira ɗana ya gaya masa ba laifinsa ba ne.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya kare mahaifiyarka daga irin kwanciyata. Wanda ya tsallake ni kuwa, Allah ya isa, sai mun tsaya gaban Ubangiji. Aiki na biyu zan yi shi, amma ba a hannunku ba.

Wassalam.