Waƙoƙin Babana Sun Koma Alamar Tambaya

Barkanku da warhaka, jama'ar wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Aikina haɗa manhaja. A unguwar Romi ta Kaduna aka haife ni, iyayena 'yan Kudancin Kaduna ne, amma yarenmu ban iya komai a ciki ba sai gaisuwa. Tun da masaƙa ta rufe Baba ya rasa aiki, ya shiga bin tsofaffin ƙauyenmu yana karɓar waƙoƙin noma da na biki da na makoki, yana bugawa da yatsa ɗaya a wata tsohuwar kwamfuta. Rubutun yarenmu cike yake da alamomi a sama da ƙasan haruffa, in babu su ba ya karantuwa. Tsofaffin nan duk sun rasu. Da ciwon suga ya cinye masa ido sai ya ce, "Yarona, ka sa su a waya, yaranmu na Kaduna su samu."

Wajen kwashe rubutun zuwa manhajata, kwamfuta ta tambaye ni da wane tsari za ta adana haruffan. UTF-8 ya kamata in zaɓa, shi ne ke ɗaukar kowane harafi, ɗan koyo ma ya san haka. Ina sauri, ina amsa waya, na bar shi a Latin-1. Ko buɗewa ban yi ba don tsabar ji da kai, na goge tsohuwar kwamfutar tas, na ba ƙanwata ta tafi makaranta da ita. Ranar da na buɗe, sai na ga ɓarnar da na yi. Duk harafin da ke da alama ya koma alamar tambaya, shafi bayan shafi. Babu dabarar da ban gwada ba, amma harafin da tsarin bai sani ba zubar da shi ya yi.

Yanzu kullum da yamma sai ya ce in karanta masa. Ran nan na ɗauki waƙar girbin acca ina kame-kame, ya fashe da dariya: "Kai, yaron nan! Rubutu yana nan daidai, harshenka ne ya zama na Bahaushe." Ya rera mini ita yadda take. Ni ma na yi dariya, na bar harshena ya ɗauki laifin. A coci yana gaya wa mutane ɗansa ya adana yarensu har abada. Wane irin ɗa ne ni? Da wane ido zan kalli mutanen nan ranar da suka ce in tura musu?

Likita ya ce ƙodarsa ta kusa tsayawa. Waƙoƙi da yawa suna kansa har yanzu, don haka na fara ɗaukar muryarsa a ɓoye. Jiya na roƙe shi ya rera mini ta makoki, ya fara, numfashi ya gaza masa, ya dafa hannuna ya ce, "Bar ni in huta. Don me zan wahalar da kaina, ai tana cikin waya."

In na faɗa masa, na san Baba, zai ƙarar da sauran ƙarfinsa yana sake rerawa, in ma zuciyarsa ta ɗauki labarin. In na yi shiru, zai tafi da murmushi, waƙoƙin su bi shi kabari. Don Allah, me zan yi?