Rasuwar Baba Mai Bokiti, Jagoran Masu Duba Unguwanni

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Mai Kowa Mai Komai, Ƙungiyar Masu Duba Haɗarin Unguwanni ta samu labarin rasuwar babanmu kuma jagoranmu, Alhaji Injiniya, shugaban ma'aikatan da ke zaga unguwanni, wanda jama'a suka fi sani da Baba Mai Bokiti, bayan gajeriyar jinya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Sunan nan wurin aiki ya samo shi. Duk layin da muka shiga domin auna ɓarnar da ambaliya ko gobara za ta iya yi, kafin a buɗe taswira sai ya ari bokiti, ya kwara ruwa a ƙofar gida, ya tattare riga ya bi shi a duƙe har ya ga inda zai kwanta. Iyayenmu mata sun sha fitowa da tsintsiya suna neman wanda ya jiƙa musu ƙofa, shi kuwa sai ya ce su yi haƙuri, nasa bokiti ɗaya ne, na sama ba a san adadinsa ba. Kafin mu tafi an zama abokan wasa, sun nuna masa katangar da ta tsage, da wayar wutar da ke tartsatsi, da tsohuwar da ba ta iya gudu.

Layi ɗaya ya gagare mu, na bayan kasuwar katako, wanda ke cikin kwari, motar kashe gobara ma ba ta shiga. Mazaunansa sun ɗauka rusau muka zo yi, suka rufe mana ƙofa. Marigayin ya yi ta zuwa yana zama da su a benci, ga damina ta ƙarato, Allah bai nufa ya ga an buɗe ba. A wurin gaisuwa ne dattijon layin, wani kafinta, ya ce mu zo, mutumin da ya jure tsiyarsu haka ba zai kawo musu maciji ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa, Hajiyarmu, da 'ya'ya da jikoki, Allah Ya ba su haƙuri da juriya, Ya gafarta masa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mun so ɗage aiki domin zaman makoki, Hajiya ta ce idan ruwa ya riga mu shiga layin nan, ita ba za ta yafe mana ba. Saboda haka ofis a buɗe yake, gobe da safe muna bayan kasuwa.

Malama Uwar Ofis
Mai Magana da Yawun Ƙungiya