Zaren Oumarou

Litinin, 7 ga Afrilu

Damina huɗu rabona da Damagaram. Har yanzu ina ƙuryar shagon Oumarou a unguwar Bobiel ta babban birni, ni da keken surfani, ɗakin ko taga babu. Yau ya kawo farin zare kwali guda daga kasuwa, wai ya yi araha. Oumarou ko ciwo ya samu da araha zai saya. Amma zaren yana da santsi, ba zan yi masa ƙarya ba.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Na gama babbar rigar Alhaji Alu, ɗan kasuwar nan na Tahoua da ba ya dariya. Fari a kan fari ya ce. Na naɗe a baƙar leda yadda muka saba, aka kai masa.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Inna lillahi. Alhaji ya makara masallaci kamar kullum, ya yi sahu a rana. Kafin a yi ruku'u ƙirjinsa duk ya koma ruwan hoda, irin na ɗankwalin 'yan mata. Ya taho shago yana huci, yana shigowa inuwa aikin ya soma komawa fari. Ya tsaya yana nuna mana ƙirji, babu abin nunawa. Sau uku yana fita yana shigowa.

Oumarou ya ce, "Mu'azu, in rigar nan ta dawo, kai za ka tafi." Na ce wa ya sayo zaren? Ya ce wa ya ɗinka?

Asabar

Ban ci abinci ba. In na koma gida haka, me zan ce wa 'yata Rahama?

Lahadi, 13 ga Afrilu

Salamatu 'yar Alhaji ta zo, mai koyar da kimiyya a jami'a. Na ɗauka faɗa ta kawo, ashe zare take roƙo. Ta ce rinin zaren ne ke yin haka. A inuwa ƙwayoyinsa a dunƙule suke, ba launi, ba su ko son ruwa. Da rana ta taɓa su sai su miƙe, kai da gindi su bambanta kamar na pil, wato batirin tocila, launi ya fito, har su soma jan ruwa. Na ce, "Malama, babanki ma haka ya yi, sai dai shi ruwan bai sha ba." Ta yi dariya har da riƙe ƙofa.

Na ce zan warware aikin kyauta. Laifin rabi nawa ne, ko sau ɗaya ban fitar da zaren waje na duba ba. Ta ce in dakata.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Rigar ba ta dawo ba. Salamatu ta ce uwarta Hajiya ce ta hana. Alhaji ba zai iya ajiye shadda mai tsada a akwati ba, kuma ba zai yarda rana ta gan shi a ciki ba. Yau daga mota sai sahun farko a inuwar masallaci, tun kafin ladan. Liman har ya yi masa addu'a.

Oumarou na gaya wa mutane dabararsa ce.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Na ja keken zuwa bakin ƙofa, don duba zare kawai. Mai shayi ya gaishe ni da Zabarmanci, na amsa, ban san ma na iya ba. Na kira gida. Rahama ta ce ta kusa kai kafaɗar uwarta, ban ce mata komai kan ɗankwalin da nake yi mata da zaren nan ba, sai ta fita tsakar gida da shi ta gani.

Abin da na tsira da shi: aikina, ƙullin zare biyu da na ɓoye wa Oumarou, da ɗankwali ɗaya, saura gefe.