Maganar da Ka Koya Mini Ta Waya

Zuwa ga jikana, maigidana malamin Turanci,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da uwarka da 'yan makarantarka, Allah ya ƙara muku lafiya. Mu nan ƙasar Turawa alhamdu lillahi, ƙugun ya yi sauƙi, har na ajiye sanda ɗaya. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ke rubuta mini, na ce kada ta gyara mini magana.

Godiya na zo yi. Ka san tun da na zame a banɗaki, kawunka ya gaya wa mutanen asibiti cewa matarsa ke mini wanka, ita ke sa mini kaya, har abinci a baki. Ba haka ba ne, so yake a ga suna kula da ni, ni kuma na yi ta gyaɗa kai don kada in kunyata ɗana. Ashe su abin da suka rubuta shi ne tsohuwa ba ta iya komai, masu gidan kuma duk suna fita aiki, gara a kai ta gidan tsofaffi. Tun ranar abinci bai ƙara yi mini daɗi ba. Ko ƙararrawar ƙofa aka danna sai in ce su ne suka zo ɗaukata.

Sati uku kana fama da ni a waya, kana koya mini abin da zan faɗa musu. Ka ce su a Turanci kowa da irin "da kaina" ɗinsa, nawa daban, naka daban, na mace ba na namiji ba. Ni dai nawa kawai na riƙe, ina maimaitawa ina wanke kofi.

Ranar Talata matar da asibitin suka aiko ta zo da takardunta, ta zauna kujerar bakin taga. Kawunka ya buɗe baki, na dafa gwiwarsa. Na ce mata da yarensu, ina wanka da kaina, ina sa kaya da kaina, ina ci da kaina. Ta sa na maimaita, sannan ta bi ni kicin ta tsaya har na haɗa shayi. Ta ce zan zauna a ɗakina, ƙarfen riƙewa kawai za a kafa a banɗaki.

Sai dai matar kawunka ta shige ɗaki, ta fito ido ja. Tana ganin na maishe ta maƙaryaciya gaban baƙuwa. Baƙuwar za ta dawo wata mai zuwa, tsoron bai gama sakina ba, amma ka sake koya mini na mace ɗin da na ƙi riƙewa, wato "da kanta". Ina so in ce wa baƙuwar, kwana tara da na yi a asibiti, matar kawunka ita da kanta ta zauna gefen gadona, ba wanda ya sa ta.

Ka gaishe da uwarka, da Auta, da Dogo mai gyaran keke. Kai kuma ka ci abinci, muryarka ta rame.

Kakarka, matarka ta fari.